Tsakanin Malfar Jaji da Lambar Yabo

Duk lokacin da shekara ta doshi ƙarewa, manyan otal-otal na Kano da Kaduna da Abuja sukan cika da bukukuwan karramawa. Ƙungiyoyin ɗalibai, da na 'yan kasuwa, da na ma'aikata, har da waɗanda ba a taɓa jin sunansu ba sai ranar bikin, kowace takan fito da jerin gwarazanta na shekara. Idan mai karatu ya duba jerin nan da kyau, zai tarar kusan mutane iri ɗaya ne suke yawo a cikinsa: gwamna, uwargidan gwamna, kwamishina, shugaban hukuma, ɗan kwangila. Akan miƙa allo mai ƙyalli, a ɗauki hoto, a ci abinci, a watse. Kafin wata ya zagayo, allon nan ya sami gurbinsa a bayan kujerar ofis tare da 'yan'uwansa da suka riga shi zuwa.

Ba ni da ja da maganar magabata cewa yabon gwani ya zama dole. Abin da nake son mu tsaya a kansa a wannan fili shi ne wane ne gwanin, kuma da me ya kamata a yaba masa. Ina magana ne musamman a kan wani rukuni na mutane da ba kasafai ake kiransu kan dandamali ba, wato waɗanda suke ɗauko ilimin tarihi da harshe da adabi da tunani, fannonin nan da jami'o'inmu suka tara a tsangayar fasaha, su fito da shi daga aji da ɗakin karatu, su kai shi zaure da kasuwa da tsakar gida. Su ne suke sa manomi ya san asalin sunan garinsa, su sa matar aure ta ji labarin da ya yi kama da rayuwarta har ta sami bakin faɗin abin da yake damunta, su sa yaro ya gane cewa harshen da ya tsotsa a nono yana iya ɗaukar magana mai nauyi.

Ra'ayina shi ne, karramawar da ta dace da irin waɗannan mutane ita ce wadda za ta ƙara musu ƙarfin ci gaba da aikin, ta kuma sa aikin ya rayu bayan ransu. Kuma wannan ra'ayi ba aro shi na yi daga wata ƙasa ba, domin kuwa an aiwatar da shi a ƙasar Sakkwato fiye da shekara 180 da suka wuce, a hannun wata mace.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta kuma rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Wannan kowa ya sani, tunda da wuya a sami babban gari a Arewa da babu makarantar 'yan mata ko ɗakin kwanan ɗalibai mai ɗauke da sunanta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ta yi da ilimin nan bayan ta rubuta shi. Lokacin da ƙurar yaƙe-yaƙen jihadi ta fara lafawa, ƙauyuka da garuruwan ribaɗi sun cika da mata waɗanda ba su taɓa zama gaban malami ba, da yawansu kuma yaƙi ne ya raba su da garuruwansu. Ba zai yiwu a ce duk su zo Sakkwato ko Wurno su zauna su yi karatu ba. Sai Nana ta zaɓi dattawan mata masu hankali da riƙon amana, ta karantar da su, ta mayar da su ƙauyukansu su karantar da wasu. Kowace daga cikinsu ana kiranta jaji, sunan da aka sani ga masu jan ayarin fatake, ɗalibansu kuma su ne 'Yan Taru.

Jaji takan taro 'yan mata da tsofaffin da ɗawainiyar gida ta ragu a kansu, su yi tafiyar kwanaki a ƙasa zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙinta, su koma su rera wa waɗanda aure da goyo suka hana su fita. Waƙoƙin nan kuwa manhaja ce cikakkiya. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani guda 114 domin sauƙin hadda, akwai wadda ta kawo labarin salihan mata na tarihin Musulunci, akwai kuma ta tarihin hijirar Shehu da yaƙe-yaƙensa, wadda aka sani da Waƙar Gewaye a Hausa. Ke nan matar ƙauye da ba ta iya riƙe alƙalami ba tana iya ba ka tarihin ƙasarta daki-daki, tana daka tana rerawa.

To, ga inda maganar karramawa ta shigo. Idan Nana za ta naɗa jaji, takan ɗora mata malfa a ka, a naɗe ta da jan rawani. Masu binciken tarihinta sun nuna cewa malfar nan tana cikin kayan da Innar Gobir take sawa, ita kuwa Inna ita ce babbar mace a fadar Gobir kuma shugabar masu bori. Wato Nana ta ɗauki alamar girma da matan ƙasar suka riga suka sani, suke kuma jin nauyinta, ta ɗora ta a kan malamar ƙauye. Duk wanda ya hangi malfar daga nesa ya san mai ita tana da izini, a ba ta hanya, a ba ta masauki, a saurare ta. Girman da aka ba ta shi ne kayan aikinta. Ranar da aka naɗa ta, ranar aikinta ya fara. Bugu da ƙari, da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, Nana ta zauna ta yi mata marsiyya, kamar yadda ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo. Da wannan marsiyya ne sunan baiwar Allah ya iso gare mu.

Tsarin bai mutu da mutuwar mai shi ba. 'Yar'uwarta Maryam ta ci gaba da shi, kuma lokacin da Jean Boyd, Baturiyar nan da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, take bincikenta a rabin ƙarshe na ƙarnin da ya wuce, ta tarar da jajoji da ransu suna kan aiki. Hasali ma, rubuce-rubucen Nana da ita da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997, gidan Waziri Junaidu ne ya adana mafi yawansu, shi kuwa zuriyar Nana ne. Ga malfa, ga marsiyya, ga gidan da ya riƙe takardu. Ban ga bikin karramawa na zamaninmu da ya haɗa waɗannan abubuwa uku ba.

Ba ina cewa zamanin boko bai taɓuka komai ba. Ya taɓuka, kuma inda ya yi dacen, ya yi shi ne ta wannan hanya. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, aka kuma buga su tare da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Yau shekara 90 da ɗoriya, abin da ake tunawa da gasar shi ne an buga littattafan, an kai su makarantu, har jikoki da tattaɓa-kunne suna karanta su. Shi kuma Imam, tukwicin da ya samu shi ne ƙarin aiki. An ɗauko shi daga koyarwa a Katsina zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, sannan a Janairun 1939 aka ɗora shi a kan editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Lambobin girma da digirin girmamawa sun zo masa daga baya, kuma ya cancance su, to amma kujerar edita ita ce malfarsa. Da ita ya shiga zaurukan da jami'a ba ta taɓa shiga ba, inda mutum ɗaya mai ilimin boko zai karanta jarida da ƙarfi, mutum goma suna saurare suna gardama.

Haka nan shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci. Hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, domin dattijon da ya koyi baƙi da wasali a ajin yamma ya sami abin karantawa, kada karatun ya zube. Dubban malaman da suka koyar a azuzuwan nan, a gindin itace da zaurukan masu unguwanni, su ne jajojin zamaninsu. Sun tafi ba tare da an yi musu marsiyya ba. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ta ɓace daga hannun masu tallar jarida muna ji muna gani.

Akwai wata rana da ta cancanci a tuna da ita a wannan babi. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta. Mutumin Musawa, wanda bai yi karatun boko ba, mai yawo da makaɗan kalangu, ya sa rigar da farfesoshi suke sawa. A ganina wannan yana cikin abubuwa mafi ma'ana da wata jami'a ta taɓa yi a Arewa, domin ikirari ne a bainar jama'a cewa ba ita kaɗai take da ilimi ba, kuma mutumin da ya shafe rabin ƙarni yana ajiye sunayen garuruwa da sarakuna da sana'o'i da halayen mutane a cikin waƙa ya yi aikin da sashen tarihi da sashen harshe suke yi. Haka ma Malam Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya mai Imfiraji, wanda almajirai da makafi suka kai waƙoƙinsa kowace tasha da kowace ƙofar gida. Shi ma an kira shi Dakta kafin rasuwarsa a 1990.

To amma rigar digiri ba ta adana waƙa. Shata ya rasu a Yunin 1999. Sai a 2006 aka sami cikakken littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku suka rubuta, kuma ƙwazonsu ne ya samar da shi. Waƙoƙin da mutumin ya yi sun warwatsu a faya-fayai da kaset-kaset, wasu a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, wasu a akwatunan masu sha'awa. Zaren kaset kuwa yana da ajali. Zafi da danshi da ƙura suna cinye shi a hankali, kuma injinan da suke juya shi suna ƙarewa. Abin da aka ceto zuwa yau, yawancinsa ɗaiɗaikun mutane ne suka ceto shi, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ya shafe shekaru yana rubuta waƙoƙin baka a diwani, da samarin da suke juyar da tsofaffin kaset zuwa kwamfuta suna ɗorawa a intanet ba tare da kowa ya biya su ba. Idan haka ta faru ga Shata, wanda sarakuna da shugabanni suka san shi, ina ga mawaƙin noma na ƙauye, ko tsohuwar da ta san tatsuniya ɗari?

Bari in tsaya a nan in faɗi su wa nake nufi a yau, kada a ɗauka mamata kawai nake yi wa kuka. Ina nufin mai gabatar da shirin tarihi a gidan rediyon jiha, wanda yake hawa motar haya da kuɗin aljihunsa zuwa ƙauyuka domin ya ɗauko muryar dattawa. Ina nufin malamar Islamiyyar matan aure da take haɗa karatun fiƙihu da tarihin magabata. Ina nufin malamin firamare da yake shirya wa yara wasan kwaikwayo da kacici-kacici ranar Juma'a, da magajin gidan malamai da yake shanya takardun kakanninsa na ajami duk shekara saboda gara, da mai shagon littattafai a kasuwa wanda ya san abin da matan unguwa suke karantawa fiye da kowane manazarci. Ina nufin ƙungiyoyin marubuta da suke taruwa a ƙarshen wata a ajin makarantar da suka ara, su karanta wa juna, su yi wa juna gyara. Akwai kuma matan da suke rubuta labarai a waya suna rarrabawa ta WhatsApp, waɗanda masu karatunsu sun fi na mafi yawan littattafan jami'a nesa ba kusa ba, ko da kuwa muna da ƙorafi a kan ingancin wasu.

Na san wani tsohon hedimasta a wani ƙaramin gari, Allah ya jiƙansa, wanda bayan ya yi ritaya ya bi dattawan garin ɗaya bayan ɗaya yana rubuta abin da suka sani: wa ya sari garin, daga ina kowace unguwa ta taso, shekarar fari, shekarar da aka kawo kasuwa, rikicin iyaka da maƙwabta da yadda aka sasanta shi. Ya cika littattafan rubutu na 'yan makaranta masu yawa. Idan gardamar gona ko ta sarauta ta taso, wurinsa ake zuwa. Ya nemi a taimaka masa a buga, aka yi ta yi masa alƙawari. Bayan rasuwarsa an yi taro, an yi jawabai masu daɗi, an miƙa wa iyalinsa allo. Littattafan kuwa suna cikin akwatin ƙarfe, kuma dattawan da ya yi hira da su babu ko ɗaya da ya rage. Wannan shi ne ihu bayan hari.

Idan muka duba karramawa ta ƙasa, labarin bai canza sosai ba. Dokar lambobin girma ta Nijeriya ta 1964 ce, kuma a bikin Oktoban 2022 kaɗai sama da mutum 400 aka ba lamba. Ba a rasa mutanen adabi da fasaha a ciki jefi-jefi. Shata da Ɗanmaraya Jos sun sami lambar MON, haka ma Ado Ahmad Gidan Dabino a 2014. To amma kowa ya san manyan lambobin suna bin muƙami ne, ƙananan kuma su ne rabon masu alƙalami da kalangu. Ba mamaki da Chinua Achebe ya ƙi karɓar lambar CFR har sau biyu, a 2004 da 2011, ko da yake shi dalilinsa halin da mulkin ƙasar yake ciki ne. Babbar kyautar adabi ta ƙasar nan, wadda kamfanin NLNG yake bayarwa tun 2004, ta kai dala 100,000, kuma ɗan Arewa, Abubakar Adam Ibrahim, ya ci ta a 2016, abin alfahari. Sai dai rubutun Ingilishi take karɓa. Marubuciyar Hausa da littafinta ya shiga ɗakuna dubbai ba ta da ƙofar shiga.

Su kansu digirorin girmamawa sun zube har shugabannin jami'o'i suka taru a Keffi a 2012 suka yi yarjejeniyar daina ba masu riƙe da muƙaman gwamnati. Duk digirin da aka ba mai kuɗi saboda kuɗinsa yana rage darajar wanda aka ba Shata, domin jama'a ba za su ƙara bambance su ba.

Akwai kuma wani laifi da yake namu, mu 'yan boko. Tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu yana ƙirga maƙalar da aka buga a mujallar ilimi, galibi da Ingilishi, wadda 'yan ƙalilan za su karanta. Malamin da ya shafe shekara goma yana bayanin tarihi ko adabi a rediyo da Hausa, ko yana rubutu a shafi irin wannan, ba abin da hakan yake ƙara masa a takardar ƙarin girma, wani lokaci ma kallon marar aikin yi ake yi masa. Saboda haka mai wayo sai ya rufe ƙofar ofishinsa. Sannan mu dawo muna mamakin yadda matasa suke ɗaukar tarihinsu daga bakin duk wanda ya fi ɗaga murya a Facebook. Kada mu manta, an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun wajen 2009, sai a 2022 aka ƙaddamar da dawo da shi. Yaran da suka yi karatu a tsakanin shekarun nan yanzu su ne samari da 'yan matan gari. Ɗan abin da suka sani na tarihin ƙasarsu, daga irin mutanen da nake magana a kansu suka same shi.

Na san za a ce mini mai aikin alheri ladansa yana wurin Allah, kuma neman yabo yana ɓata niyya. Gaskiya ne, kuma mafi yawan mutanen nan ba su taɓa neman yabon kowa ba. To amma ikhlasin mai aiki bai sauke nauyin da yake kan al'umma ba. Za a kuma ce idan hukuma ko mai kuɗi ya shigo, bakin mai fasaha zai ɗaure. Wannan tsoro yana da tushe. Makaɗan fada irin su Narambaɗa sun sami doki da riga da abinci daga iyayen gidansu, kyautar ta riƙe su suka yi waƙoƙin da har yau ake nazari, amma kuma ta iyakance wanda za su yaba da wanda za su yi wa zambo. Maganin wannan shi ne a duba wa yake zaɓe, da kuma me ake bayarwa. Idan gwamna ne zai zaɓa da kansa, mawaƙinsa zai zaɓa. Idan kuwa aka ce mutanen unguwa da ƙauye su kawo sunaye, masana su tantance, abin da za a bayar kuma ya zama kayan aiki, to ɗaurin ya yi sauƙi.

Japan ta gwada irin wannan. Ƙarƙashin dokarta ta kare kayan al'adu ta 1950, tun 1955 take zaɓar gwanayen sana'o'i da wasannin gargajiya, maginan tukwane da masaƙa da marina da 'yan wasan dandamali, tana ba kowannensu yen miliyan 2 a shekara domin ya ci gaba da sana'ar ya kuma horar da magada. Ko a nan kusa, gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta, abin da ya ba ta armashi shi ne ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo, su shiga kunnen miliyoyin mutane, marubuciyar da ba a san ta ba jiya ta wayi gari da masu sauraro. A Nijar kuma an daɗe da sa wa gasar waƙa sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, ta yadda sunan mamaci ya zama tsani ga masu tasowa. Duk waɗannan 'yan'uwan malfar jaji ne.

Ba sai mun jira Abuja ba. Kowace jiha a Arewa tana da hukumar tarihi da al'adu ko makamanciyarta, muna da Gidan Arewa a Kaduna tun 1970, muna da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, muna da masarautu da suke naɗa sarautu kusan kowane wata. Abin da ya rage shi ne a sauya abin da ake miƙawa a kan dandamali. Mai shirin rediyo a ba shi na'urar ɗaukar murya da kuɗin mota na shekara, a kuma biya masa kuɗin fili a tashar. Mai rubutun tarihin gari a haɗa shi da ɗalibin jami'a da zai buga masa a kwamfuta, a fitar da littafin, a raba wa makarantun ƙaramar hukumarsa. Mai takardun ajami a kai masa wanda zai ɗauki hotonsu a gidansa, a bar masa kayansa, domin tsoron a karɓe ba a dawo da su ba shi ne yake sa gidaje da yawa suke ɓoyewa. Tsohon ɗan wasan kwaikwayo, irin su marigayi Kasimu Yero da marigayi Samanja da suka tara Arewa gaban talabijin shekara da shekaru, a ba shi aji ya koyar, a kuma ɗauke masa kuɗin asibiti tun kafin a kai ga yi masa bara a kafafen sada zumunta. Jami'o'i kuma su sa aikin wayar da kan jama'a da harshen gida cikin abin da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma.

Ga ƙungiyoyin ƙwararru da na tsofaffin ɗalibai, waɗanda da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suke ciki, lissafin mai sauƙi ne. Kafin bikin bana, ma'aji ya haɗa kuɗin hayar zaure da na abinci da na alluna, sannan ya je maɗaba'a a Zariya ko Kano ya tambayi kuɗin buga kwafi dubu na ƙaramin littafi, ya kawo takardun biyu gaban kwamiti. Idan kuma za a fara, a fara da mafi tsufa. Waɗanda suka koyar ko suka yi karatu a azuzuwan Yaƙi da Jahilci, duk wanda ya rage a cikinsu ya haura shekara 80.